Bututun Hayaƙi a Benen Taubashina

A da hayaƙi ba ya neman a nuna masa hanya. A gidan da na tashi a Karaye, murhu a tsakar gida yake, ƙarƙashin sararin Allah. In damina ta matsa a koma 'yar rumfar madafa, hayaƙin ya ratsa ta cikin jinka ya fice, ya bar kunkunniya kawai a jikin kara. Gobara kuwa ana yi, har ta fi ta yanzu yawa, don in wuta ta kama danga ɗaya da rani sai ta zagaye unguwa. Amma abin da take ci hatsi ne da tufafi da rufin ɗaki. Mutum da ƙafarsa ba ya rasa mafita. In ƙofa ta kama, ya tura dangar kara da kafaɗa ya faɗa gidan maƙwabci. Yanzu gini ya koma na bulo da kwano, ƙofa ta ƙarfe, taga an gitta mata ƙarafuna saboda ɓarayi, sama an lulluɓe da silin roba mai sheƙi. Hayaƙin da a da yake tafiyarsa shi kaɗai, yanzu sai an ƙera masa bututu, an sa masa fanka, an ce masa bi nan. In aka nuna masa hanyar da ba ita ba, bi zai yi, ba ya gardama.

Ƙera wa iska hanya ita ce sana'ar da na tsufa a cikinta. Na bar gida gemuna bai fito ba. A Kano na fara, wurin masu lanƙwasa kwano suna yin bokiti da mazurari, daga nan wani ya ja ni aikin bututun iska na manyan gine-gine. Aikin ya kai ni Njamena, ya kai ni Hartum, ya zaunar da ni a Jidda shekaru masu yawa, ya ƙarasa da ni a Duwala. Na dawo da Larabci iri biyu, na Sudan da na Hijaz, da Faransancin da zai ishe ni faɗa da direba, da Turancin wurin aiki, a kan ɗan Fillancin da na tsinta a bakin kakata. Na dawo kuma da ciwon gwiwa da akwatin kayan aiki. Gidan ƙasa na tsohona na gyara na shiga.

Ina da taubashi a Rogo, ɗan kawuna, sa'ana. Shi bai je ko'ina ba. Ban da aikin hajji, ban san ya taɓa kwana a wajen jihar nan ba. Lokacin da nake yawon ƙasashe, yana nan yana noman gyaɗa, yana sayen ta wasu, yana ɓarewa, yana tatsar mai. Sanda na dawo da labarai, shi yana da gonaki har wajen Yammedi, da shanu a hannun dangin mahaifiyarsa, da motar ɗaukar kaya. In na zauna a majalisa ina ba da labarin jiragen ruwa a Duwala, ana saurare na da daɗi. In ya iso, ana tashi tsaye. Na lura da wannan bambanci tun makon farko.

Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, don haka tun muna yara bawa yake ce mini, ni kuwa baƙauye nake ce masa. Wanda bai tashi cikin wasan taubasai ba, da wuya ya gane faɗinsa. Na zauna da Larabawa masu barkwanci da mutanen Kamaru masu zagin juna cikin raha, amma duk wasansu yana da ƙofar fita, akwai inda mutum zai ce yanzu da gaske nake. Namu ba shi da ita. Na taɓa aiko masa daga Hartum cewa na auri 'yar sarki, ya aika mini cewa ya sayar da gonar tsohona ya ci tsire. Duk abin da ya fito daga bakina zuwa kunnensa, a kan hanya yake zama wasa.

Sai ga shi Allah ya haɗa 'yata ta ƙarshe, autata, da ɗansa. A al'ada, daga ranar ɗaurin aure mun zama surukai, kamata ya yi kunya ta shiga tsakani, a rage baki, a sunkuyar da kai. Mu muka ƙi. A wurin ɗaurin auren ma ya ce wa jama'a ya karɓi 'yar bawansa kyauta, na ce na jefa ta ƙauye don lada. Aka yi dariya, dattawa suka girgiza kai suka ƙyale mu.

Bayan auta ta haihu ne taubashina ya gina bene a Rogo. A bakin hanya yake, fuskarsa an manna mata tayil mai ruwan ƙasa, da rana sai ya riƙa ɗaukar ido. Ƙasa wurin aikin gyaɗa ne: injin tatsar mai a gefe guda, a ɗaya gefen manyan kasake inda mata ke soya ƙuli tun safe har la'asar. Sama kuwa babban zaure ne da ya bayar sadaka, makarantar matan aure, suna zuwa bayan azahar da goyonsu. Auta na cikinsu.

Ranar da aka yi addu'ar buɗewa na je. Tun daga nesa na hango ginin. Na yi aiki a gine-ginen da wannan ba zai kai ɗakin maigadinsu ba, amma babu ɗaya a cikinsu da yake nawa, babu wanda in na wuce za a ce ga mai shi. Taubashina yana tsaye a ƙofa cikin shadda, ya hango ni ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Bawa, ka iso? Tuɓe takalminka, nan ba irin tashoshin motar da ka saba kwana ba ne."

"Baƙauye ya ga siminti," na ce. "Wa ya koya maka hawa matakala? Ko ɗaukar ka ake yi?"

Ya kama hannuna ya shiga zagayawa da ni, mutane na biye da mu. A wurin suya na ga an yi wa kasaken rumfar kwano mai zuƙe hayaƙi, da fanka a wuyanta. Raina ya sosu tun a nan. Wannan aikina ne. A duk faɗin Karaye da Rogo ban san wani da ya shekara yana yin sa ba sai ni, ga ni kuma ina zaune ba abin yi sai sauraren rediyo.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Daga Kano na ɗauko su. Ƙwararru."

"Ga ni a Karaye?"

"Kai? Da na ba ka, da yanzu kana Kamaru da kwanona a ka."

Na bi bututun da ido, yadda hannu ya saba. Daga rumfar suya ya huda bango. Da muka zagayo za mu hau sama, sai na gan shi ya fito a cikin ramin matakala, ya bi saman kanmu yana hawa tare da mu, rabinsa a ɓoye cikin silin roba, har ya fice ta rufi. Kwanon sirara ne, irin wanda in ka danna da babban yatsa yake lotsawa. Mahaɗansa an ɗinke su da ƙusa an naɗe da tef. Na miƙa hannu na shafa wata mahaɗa, ga shi ba a daɗe da fara suya ba, yatsana ya dawo da maiƙo. A sama na duba tagogi, kowace da ƙarafunanta. Matakalar nan ita kaɗai ce hanyar hawa, ita kaɗai ce ta sauka.

"Me ya sa aka biyo da shi ta nan?" na tambaya.

"To ta ina? Ta gaba, ya ɓata mini tayil? Baya kuwa katangar maƙwabci ce."

"Ka saurare ni. Wannan bututun mai yake sha kullum. Ranar da kasko ya kama, wutar ciki za ta bi. Ko bai ƙone ba hayaƙin ta mahaɗan nan zai fito, ya cika matakala. Matan da ke sama ta ina za su sauka?"

Ya tsaya ya dube ni, sannan ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa.

"Ku ji bawa! Ya ga bene cikinsa ya murɗa. Tun ba a gama addu'a ba ya fara kunna mini wuta da baki."

Aka kwashe da dariya har da tafi. Wani dattijo mai sanda ya ce, "Taubasai ke nan, ba a shiga tsakaninsu." Wani ya dafa kafaɗata ya ce wannan ta fi duk wadda na taɓa yi masa. Ni ma na tsinci bakina yana murmushi, don jikina bai san wata fuskar da ake yi a gabansa ba.

A motar komawa Karaye abin da ya faru a Jidda ya dawo mini. Wani masaukin baƙi ne, muna gyara a hawa na sama da tsakar rana. Kaskon mai ya kama a madafa, fanka ta zuƙi harshen wutar zuwa cikin bututu, maiƙon da ya taru a ciki ya kama kamar lagwani. Wutar madafar ba ta daɗe ba aka kashe ta. Amma bututun ya ratsa ta saman hanyar matakala, zafi ya buɗe mahaɗansa, kafin a ankara matakalar ta zama baƙi ƙirin. Na leƙa na kasa ganin tafin hannuna. Ta taga aka sauke mu da tsani, ni da wata tsohuwa 'yar Indunusiya da ta riƙe rigata tana magana da harshen da ban sani ba. Ba a rasa rai ba. Tarin da mutanen nan suka riƙa yi ne ban manta ba. Daga baya, a hannun wani shugaban aiki Bamisire, na koyi ƙa'idar da kyau. Matakala ta mutane ce kawai. In dole ne bututun iska ya gitta ta, a kewaye shi da ginin da wuta ba ta saurin ci, a sa masa murfin ƙarfe a ciki wanda yake faɗowa ya toshe hanya in zafi ya narka ɗan abin da ke riƙe da shi. Bututun madafa kuwa ko wannan murfin ba a sa masa, don maiƙo zai daskarar da shi. Shi waje ake fitar da shi ta hanya mafi kusa, a bar masa 'yan ƙofofin da za a riƙa buɗewa ana kankare shi.

Na koma ranar kasuwar Rogo, na same shi a gaban sito ana auna gyaɗa. Na ja shi gefe don kada jama'a su ba shi ƙarfi. Na maimaita masa a hankali, ban sa zagi ko ɗaya ba. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, har na fara sa rai. Sai ya kira wata mai aiki ya ce a cika leda da ƙuli.

"Ungo. An ce yana maganin ƙyashi. Ka riƙa ci safe da yamma, in bai sake ka ba ka dawo a ƙara maka."

Na karɓi ƙulin. Yana da daɗi ma, wannan ya ƙara ba ni haushi.

Ƙyashin kuwa yana nan, ban taɓa musa wa kaina ba. In na kwanta da rana ina jin rufin ɗakina yana ƙara saboda zafi, tayil ɗin nan nake gani. Ina tambayar kaina me yawo ya ba ni wanda zama bai ba shi ninkinsa ba. Na san sunan guduma da harsuna da yawa, shi yana da masu riƙe masa ita. Amma na kan duba yatsana in tuna maiƙon da na shafo. Wannan ba zuciyata ce ta shafa shi a wurin ba.

Wata Juma'a auta ta zo gaishe mu da ɗanta a baya. Yaron ya fara tafiya, kuma in na miƙa masa hannu sai ya ɓuya a zanin uwarsa, alhali an ce in ya ji muryar kakansa na Rogo wajensa yake nufa da gudu. Na tambaye ta makaranta.

"Lafiya lau, Baba. Kowa sai sa wa Baba Alhaji albarka yake. Har daga ƙauyuka ake zuwa."

Baba Alhaji. Na haɗiye wannan.

"Matakalar nan fa? Ba kwa jin komai in kuna hawa?"

"Sai dai in an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Sai ka ji ido yana yaji, ƙaurin mai ya cika wurin. Mukan toshe hanci da hijabi mu ruga, har tsere muke yi." Ta yi dariya. "Baba Alhaji ya ce kai ma ka yi masa wasa a kai."

"Ba wasa nake ba, Auta."

"Haka ya ce za ka ce."

Bayan ta tafi na zauna a tsakar gida. Mahaifiyarta tana tankaɗen gari, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, da wane baki ka faɗa masa?"

"Baki nawa gare ni?"

"Biyu. Da na taubashi ka yi ta faɗa. Kana da na uban yarinya, tun ɗaurin aure ka ajiye shi ba ka taɓa buɗewa ba." Ta karkaɗe rariya. "Amma ka sani, in ka je masa a suruki, ba za ka dawo taubashi ba. Ba a yin biyun."

Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san abin da za a karɓe mini. A duk Rogo babu mai iya kallon mutumin nan ya ce masa baƙauye sai ni. Masu sayen gyaɗa rusuna masa suke, masu neman aiki a ƙasa suke zama. Ni kaɗai nake shiga gidansa ba sallama, in ɗauke hularsa a gaban ma'aikatansa, in ce wa matansa sun yi asarar miji. A wasan nan ne kawai ni da shi muke daidai. A can babu bene babu gidan ƙasa. In na je a suruki, na zama mutum mai roƙo a ƙofar mai arziki, kamar kowa. Na yi kwanaki ina juya abin, ina ce wa kaina watakila kaskon ba zai taɓa kamawa ba. Mata nawa ne suka tsufa suna suya ba su ga gobara ba? Sai in tuna auta tana tsere a matakala da yaro a baya, hijabi a hanci.

Wata safiya na sa babbar riga, wadda ban sa ba tun sunan yaron. Na sayi goro mai kyau aka ƙunsa mini a ganye. Na hau mota zuwa Rogo, na isa gidansa da hantsi. Na tsaya a waje, nesa da ƙofar zaure, na yi sallama. Ba a amsa ba. Na sake yi. Ƙafafuna suna so su shige kamar yadda suka saba, na hana su.

Shi da kansa ya leƙo, da 'yar shara a jikinsa da asuwaki a baki. Ya dube ni sama da ƙasa ya fashe da dariya.

"Wa ya mutu? Ko aure za ka ƙara? Kai bawa, wa ya ara maka riga?"

Na tuɓe takalmi, na ɗan rusuna.

"Alhaji, barka da hantsi. Mun same ku lafiya?"

"Iye! Ku fito ku ga abin mamaki, an koya wa bawa gaisuwa."

"Ya iyali? Ya ƙoƙari da yara?"

"Kai, bari mana. Me ka sha a hanya?"

"Ya jama'a? Allah ya ƙara rufa asiri."

Ban ɗaga ido ba, ƙafafunsa kawai nake gani. Na ga sun daina motsi. Ya cire asuwakin daga baki. Ina jiyo kukan injin tatsar mai daga can bakin hanya. Sai ya juya ya shiga gida. Da ya dawo yana sanye da riga da hula, da sabuwar tabarma a hannu, irin wadda ake ajiyewa don baƙi. Ya shimfiɗa ta da kansa a zaure. Kujerarsa tana nan a gefe, bai hau ba, ya zauna a bakin tabarmar ya tanƙwashe ƙafa. Muka gaisa tun daga farko, gaisuwa cikakkiya, ta gida da gona da gajiya da waɗanda aka baro. Na tura goron gabansa. Ya sa hannu biyu ya taɓa ya yi godiya.

"Na zo ne a kan yarinyar da muka ba ku amana," na ce.

"Wani abu ta yi? Ko an yi mata?"

"Ba ta yi komai ba, ba a kuma yi mata komai ba sai alheri. Roƙo na zo yi. Tana hawa benen nan kullum da yaro a baya. Bututun hayaƙin da ya bi ta matakala ya hana ni sukuni. Ina roƙon a fitar da shi waje."

Ya gyaɗa kai.

"An gama," ya ce.

Na gyara zama. A mota na shirya bayanin duka, daga yadda maiƙo ke taruwa har abin da na gani a Jidda, da murfin ƙarfe, da kaurin kwanon da ya kamata. Shekarun nan da na yi a ƙasashen mutane, yau ne za su yi amfani a gabansa. Na buɗe baki na fara, "Abin da ya sa na ce haka, shi man gyaɗa in ya yi zafi..."

Ya ɗaga hannu a hankali.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Malam. Abin da ka ce shi za a yi."

Malam. Tun da aka haife mu ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Bai yarda don ya gamsu na san aikina ba, bai ma so ya ji ba. Ya yarda ne don uban matar ɗansa ya tako da goro, kuma irin wannan roƙo ba a mayar da shi. Aka kawo fura a sabon kwano, na ɗan taɓa kamar yadda suruki yake yi, na ajiye. Ya rako ni har bakin hanya yana bayana da taki guda. A gaban benen muka yi sallama, ko ɗaya daga cikinmu bai kalli ginin ba.

Daga ranar aka dakatar da makaranta, aka fitar da kasake fili. Na yi tsammanin yanzu dai za a kira ni. Har na buɗe akwatin kayan aiki na shafa wa almakashin kwano mai. Da shiru ya yi yawa na sa mahaifiyar auta ta aika ta wajen matansa cewa ina nan in ana bukata. Amsa ta dawo cikin ladabi: ya gode ƙwarai, amma ba zai iya kallon uban matar ɗansa a kan tsani da guduma a gidansa ba. Daga Kano ya sake ɗauko wasu.

Da aka gama na je na gani daga tsallaken hanya. Sun fitar da bututun ta bangon gefe, ya hau tsaye a waje har ya wuce rufi, kwano mai kauri, da 'yan ƙofofin kankara a jikinsa. Na nemi abin kushewa ban samu ba. Bai tsaya nan ba. Ya sa an yanke ƙarafunan wata taga a sama an mayar da ita ƙofa, an kafa matakalar ƙarfe daga nan har ƙasa ta waje. Wannan ni ban roƙa ba, ban ma kai ga faɗa ba. Ko a nan sai da ya wuce ni.

Labarin ya zagaya. Wata rana bayan la'asar, a inuwar masallacinmu na Karaye, wani mutumin Unguwar Hajji ya ba ni shi a matsayin sabon labari. Ya ce Alhajin Rogo akwai hangen nesa, ba wanda ya ce masa komai, shi kaɗai ya duba ya ga hatsari ya rushe aikin da ya kashe wa dukiya. Ya ce tun da na taɓa irin wannan sana'ar, ya kamata in je in gani, zan ƙaru. Na ce in sha Allahu zan je.

Ina zuwa Rogo har yanzu, da suna da gaisuwar salla da ta'aziyya. A zaure nake tsayawa. Ana shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ana kawo mini abinci a rufe, yana fitowa da hula a kansa mu gaisa a natse. Ƙanena, wanda a da ko kallo bai ishe shi ba, shi ne yanzu yake shigewa cikin gida ba sallama. Ina zaune ina jiyo su ta bayan bango, ana ce masa bawa, yana ramawa da kalmomin da a bakina ya koya, matan gidan suna shewa. Wani lokaci wata amsa mai zafi takan zo mini har bakin harshe, wadda ta fi ta ƙanena nesa ba kusa ba, sai in kora ta da ruwa.

Auta tana hawa benen tana sauka, ta ce ko an ɗauke wuta matakala ba ta yaji. Ni da ɗan kawuna kuwa surukai ne yanzu, kuma wasa tsakaninmu ya ƙare.